Ayun da Aka Ɗaure Ana Jiran Goggo

Liman yana sallame sallar asuba muka fito daga lungun Goggo a unguwar Tandabawi ta Makka, ko addu'a ban gama ba saboda hon ɗin da ake ta danna mana daga bakin titi. Ku da kuke bibiyata kun san Umra ce ta kawo ni, kun kuma san na sauka a gidan ƙanwar mahaifina, wadda ta zo aikin Hajji tun ina goye ba ta sake komawa Yawuri ba. Na yi muku alkawarin kafin in dawo gida sai na kai ku bakin Bahar Maliya. To, na je. Hotunan da kuke ta tambaya ne babu. Su kuma matan da suka cika min waya da saƙon in taho musu da tsarabar man ayu na Makka, ku zauna da kyau, labarin nan naku ne.

Goggo ce ta kawo shawarar tafiyar, kuma tun daga nan ya kamata in sha jinin jikina. Mace ce da ba ta da takardar zama, wadda a nan ake kira ikama. Ko unguwar Kudai ba ta zuwa sai dole, in ta hango motar 'yan sanda lungu take canjawa. Amma ita ce ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ki zo har ƙasa mai tsarki ki koma ba ki ga teku ba? Gobe za mu." Ni kuma na ɗauka ƙauna ce ta motsa. Da na ga tana loda babbar kula wadda babu komai a ciki, da tukunya, da wuƙaƙe a naɗe cikin tsumma, sai na ce a raina lallai yau za a ci kifi.

Ga wanda bai sani ba, sana'ar Goggo sayar da kayan mata. Ɗakinta ɗaya ne da ɗan tsakar gida, amma mata daga Kano da Damagaram har Kumasi sun san hanyarsa fiye da yadda suka san hanyar masaukinsu. Duk abin da aka saya a Makka ai gani ake yi yana da wata albarka ta daban. Abin da ya fi tafiya a kayanta shi ne man ayu, a 'yan kwalabe irin na turare, wanda mata ke rantsuwa yana riƙe miji.

Mai tuƙa mu surukinta ne, mijin autarta, wadda muka bari a gida tana jego. Haihuwar unguwar Shisha ne a nan Makka, kakanninsa da ƙafa suka zo, yana da katin ɗan ƙasa. Hausarsa rabi da rabi ce, in ya fara magana da ita sai ya ƙarasa da Larabci, ya bar ka kana lalube. Mutum ne mai kunyar surukarsa ƙwarai, ko a madubi ba ya yarda su haɗa ido.

Mun ratsa ramukan da aka fasa cikin duwatsu, muka bar iyakar Harami, muka kama hanyar kudu mai zuwa garin Lis. A shingen bincike na farko Goggo ta sauke nikabi, ta ja carbi. Jami'in ya leƙo, ya ga mata biyu a baya da kula da tabarma, ya ɗaga mana hannu. Sai da muka yi nisa ta saki numfashi ta ce, "Halas, shi ke nan, mun wuce." Titin kuwa santsi, babu rami ko ɗaya, har na riƙa jin haushi a madadin hanyar Kwantagora. Baƙaƙen duwatsu suka riƙa raguwa, ƙasa ta baje, sai raƙuma jefi-jefi suna kiwon abin da ni ban ga alamarsa ba.

A wani gidan mai muka karya kumallo da tamis, wato faffaɗar gurasar da ake gasawa a tanderu, da wake dakakke da man zaitun, da shayi mai madara da kanumfari. Shayin riyal biyu ne. Na fara mayar da shi naira a kaina, suruki ya ce, "Anti, in kina hisabi ba za ki sha komai ba a ƙasar nan." Gaskiya ya faɗa. Mun wuce mikatin Yalamlam, inda motocin masu Umra daga kudu suka yi layi, maza sanye da harami suna rawar sanyin safiya.

Da hantsi teku ta bayyana ta hannun dama. Ni 'yar bakin kogi ce, na tashi ina ganin Kwara, amma wannan wani abu ne daban. Ruwan da ke kusa da gaɓa kwance yake, kore-kore, kana ganin yashin ƙasansa kamar ruwan da aka tara a baho. Can nesa kuma akwai wani farin layi da ya miƙe iya ganinka. Suruki, wanda ke zuwa kamun kifi da abokansa, ya ce a nan ne duwatsun murjani suke, su ke tare raƙuman ruwa, su farfashe a kansu kafin su iso gaɓa. Ya ce a wannan yanki ruwa ba ya cika ya janye sosai, iska ce mai mulki. Da safe lafiya lau, amma bayan azahar iskar arewa ke tasowa, ta kora ruwan ya riƙa tsallake duwatsun da ƙarfi, wurin da yaro ke wasa da safe ya koma wurin da babba ba ya iya tsayuwa.

Ya tsayar da mota ya nuna min wasu baƙaƙen bayan dabbobi suna fitowa suna nutsewa a bayan farin layin. Larabawan nan suna kiran su abu salama. Ba kifi ba ne, ya ce, haihuwa suke yi su shayar, kuma sai sun fito sun shaƙi iska. Na tsaya ina kallo baki buɗe. Da na sauke idona ƙasa kuma sai murnar ta ragu. Gaɓar cike take da ledar da ake shimfiɗawa a ci shinkafa a kai, da robobin ruwa, da kunzugun yara, da tsummokaran koma da masunta suka yar. Mutum ya zo da mota mai tsadar gida, ya ci ya ƙoshi, ya kasa ɗaukar ledarsa. Suruki ya ce ya sha ganin kunkurun teku a mace da leda a bakinsa. Na fara faɗa, Goggo ta ce in shiga mota rana tana yi.

A nan na lura ba yawo muka fito ba. Tana ta amsa waya ƙasa-ƙasa, tana gaya wa suruki inda zai bi. Muka sauka daga kwalta, muka bi wata hanyar yashi mai tsawo har wani lungun teku da ba zan faɗi sunansa ba. Babu kowa sai wata rumfar kwano, da jirgin ruwa ƙarami mai inji, da mutum biyu. Ɗaya masunci ne, ɗan ci-rani, fatarsa duk gishiri ya cinye. Ɗayan kuma Bahaushe ne fes cikin farar jallabiya, yana ƙamshin turare, da gani ka ga dillali.

"Tana nan?" in ji Goggo, ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Tana nan, Hajiya, da ranta, kamar yadda kika ce."

Ban gane ba sai da muka shiga jirgin. Masuncin ya ja mu a hankali cikin ruwan nan mai kwanciya, ƙarƙashinmu ciyawa shimfiɗe kamar fadama, har kusa da wata kafa da ke tsakanin duwatsun murjani. Ya kashe inji. Muka ji wani huci, fuuu, sai ga hanci ya ɓullo, ya shaƙi iska, ya koma.

Jama'a, ayu ne. Larabawa suna ce mata amaryar teku, amma duk ɗan Yawuri da ya ga wannan fuska ya san 'yar gidan su wa ce. Ga faffaɗan leɓen nan irin na saniya, ga ƙananan idanu, ga jiki sumul ruwan toka, ta fi dogon namiji tsawo. Wutsiyar ce kawai ta bambanta, tata mai reshe biyu ce, ta ayunmu kuwa zagayayya ce kamar faifai. A wutsiyar aka ɗaure ta da igiya mai kauri, aka haɗa da wani ƙarfe da aka jefa ƙasan ruwa. Igiyar ta ci fatar har ta yi fari. A gadon bayanta akwai tsofaffin tabo a jere, waɗanda suruki ya ce farfelar jiragen 'yan shaƙatawa ce ke yi musu haka. Sai kuma wani ƙaramin hanci ya fito a gefenta. Ɗanta ne, bai wuce tsawon hannuwana biyu ba, yana ta cusa kai ƙarƙashin hammatarta inda nonon yake. Shi ba a ɗaure shi ba, don an san ba inda za shi.

Sau ɗaya na taɓa ganin ayu a rayuwata, ina ƙarama, ranar da Sarkawa suka jawo wani bakin ruwa garin ya fito kallo. Mahaifina yakan ce a da in dare ya yi ana jin hucinsu a cikin ciyawar burgu. Yau ku je Yawuri ku tambayi matashin masunci yaushe rabonsa da ganin ayu. Mun bi su da mashi da koma, mun narkar da su mun zuba a kwalba, har sai da suka zama labari. Ashe bayan mun kusa gamawa da namu, mun tsallako teku muna neman na mutane.

A hanyar komawa gaɓa dillalin ya yi min bayani da fara'arsa, yana zaton burge ni yake yi. Tun shekaranjiya ta faɗa komar masuncin, ba da niyya ba. A da in haka ta faru yanke komar suke yi su sake ta, domin doka ta hana taɓa su. Amma shi ya daɗe da raɗa wa masuntan yankin cewa in an samu a kira shi, akwai masu so a Makka. Goggo kuma ta kafa sharaɗi. Jabu ya cika kasuwa, saboda haka ba za ta karɓi mai a galan ba, ba za ta yarda da hoto ba. Sai ta ga dabbar da idonta tana numfashi, a yanka a gabanta da bisimilla, a fede, ta ɗebi kitsen da hannunta. A wurin masu wannan sana'a man mushe ba ya aiki. Wannan sharaɗi shi ya ɗaure uwar nan kwana biyu a bakin kafar duwatsu, tana jiran mu gama shan shayi a gidan mai.

Muna sauka na ja Goggo gefe. Na ce mata wannan zalunci ne, dabba mai shayarwa, ga ɗanta a gefe. Ta ce ai mai shayarwar ta fi kyau, maikonta ya fi.  Matar da na gani jiya tana dama wa 'yarta kunun kanwa don nono ya kawo, ita ce ke faɗin haka.

"Mi kika sani?" ta ce. "Kin zo da biza, ki koma ga albashinki. Ni wa ka biya min ijar, kuɗin hayar ɗaki? Yaran ga da sunka shigo sana'a suna hwaɗin kayana taklidi ne, ba asali ba. In mata sunka ji Goggo ta tai teku da kanta an yanka gabanta, wa ka sake buɗe baki?"

Ban raina wahalarta ba. Na ga ɗakin, na ga matakalar da take hawa da ciwon gwiwa, na san ba ta da fansho ba ta da gona. Amma ban ga ta inda wannan ya zama laifin dabbar da ke cin ciyawarta a ƙasan teku ba. Na roƙe ta mu shiga mota mu tafi. Ta zauna daram a kan kula ta ce ba inda za ta. Na je wurin dillali, ya ce ko Hajiya ta fasa akwai mata uku a Makka da ke jiran kiransa. Masuncin kuwa ya ɗaga kafaɗa, jirgin ma ba nasa ba ne.

Abin da ya hana a yanka nan take shi ne motar masu gadin gaɓa. Dillali ya ce sukan zagayo wajen azahar, sai sun wuce za a jawo ta. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, masuncin ya soya kifi, aka kawo shinkafa mai launin ƙasa da aka dafa da soyayyar albasa, don duk wanda ya gan mu ya ce iyali ne suka fito shan iska. An ce min shinkafar ta yi daɗi. Ni ban iya kai loma ba.

Suruki ya matso kusa da ni, yana kallon wani wajen. Ya ce in masu gadin suka ji, za su kwance ta da kansu, su tafi da dillali da masunci. Amma za su tambayi takardun duk wanda ke wurin. Shi yana da kati, ni ina da biza. "Hajiya ma fi," ya ce, yana nufin Goggo ba ta da ko ɗaya. "Tarhil ne kai tsaye." Wato gidan da ake tara marasa takarda kafin a sa su a jirgi. Za a mayar da ita ƙasar da ta bari tun tana da ƙuruciya, ta bar 'yarta da jaririn da ko arba'in bai yi ba, kuma ba za ta sake shigowa ba. Ya ce shi bakinsa ba zai iya ba, uwar matarsa ce. Ya tashi ya bar ni da maganar.

Mun yi azahar a kan yashi. Muna sallamewa na ji gefen mayafina ya fara kaɗawa. Farin layin nan na nesa ya ƙara kauri, ƙararsa ta fara isowa kunne, ruwan da ke kwance ɗazu ya soma yamutsewa yana canja launi. Na ce wa dillali iska ta taso, a je a sassauta mata igiya ko a matsar da ita. Ya ce yanzu ba lokacin da za a ga jirgi a wurin ba ne, in yi haƙuri.

Sai ga motar masu gadin tana tafe a hankali a kan gaɓa. Ta tsaya daidai tabarmarmu. Jami'in da ke gefen direba ya sauke gilashi, saurayi ne mai ladabi, ya yi sallama, ya ce wa Goggo "ya ummi", ya gargaɗe mu kada kowa ya shiga ruwa yau domin iska za ta yi ƙarfi. Ya tambaya ko akwai wata matsala.

Hannu kawai zan ɗaga in nuna. Ko Larabci ba na buƙata. Na buɗe baki, sai na ji yatsun Goggo sun kama wuyan hannuna ta ƙarƙashin mayafi. Ba matsa ni ta yi ba. Riƙo ne na mai tsoro, irin tsoron da ban taɓa zaton akwai shi a jikin matar nan ba. Wannan hannun ne ya yi min wankan jarirta kafin ta taho, in ji mahaifiyata. Suruki ya ce, "Ma fi mushkila, shukran." Ni kuma na rufe bakina. Gilashi ya ɗaga, mota ta wuce.

Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ba da Goggo kaɗai ba. An sa ni a tsakanin ran dabba da rayuwar tsohuwa, a kan abin da bai kai a kashe ko ƙadangare ba.

Motar tana ɓacewa dillali ya ce a je a jawo ta. Suruki ya cire takalmi ya shiga jirgin tare da su. Da zai wuce ta gabana ya nuna min 'yar wuƙar da ya zare daga tsumman Goggo, ya ce a hankali in sun isa zai yanke igiyar, in ya so a ce tsinkewa ta yi. Allah ya saka masa, shi kaɗai ya yi wani yunƙuri a cikinmu. Na tsaya a bakin ruwa ina kallon jirgin yana hawa yana sauka. Raƙuman ruwa suna tsallako duwatsun suna zubowa ta kafar nan da ƙarfi, daidai inda aka ɗaure ta. Sun daɗe a wurin. Na ga masuncin ya faɗa ruwa, ya fito, ya sake nutsewa.

Da suka juyo suna jan abu a bayan jirgi, na san an makara. Suruki ya gaya min daga baya cewa ruwan ya yi ta wurgi da ita har igiyar ta naɗe a jikin murjani, ta gajarce. Hancinta bai fi tsawon hannu ɗaya tsakaninsa da iska ba. Dabbar da ta rayu cikin teku duk rayuwarta, ruwa ne ya ci ta, muna zaune a kan tabarma muna wasan iyali.

Suka jawo ta har inda ruwa ya kai gwiwa. Goggo ta tattare abayarta ta shiga, ta taɓa idon, ta ɗaga hannun dabbar. Wani farin ruwa ya ɗigo daga nonon ya bi teku. Ta miƙe ta goge hannunta.

"Wagga mushe ce. Ban saye."

Dillali ya yi tsalle. Ya ce ai malamai sun ce mushen teku halal ne. Ta ce ita ba ci za ta yi ba, magani za ta haɗa, kuma sharaɗinta yanka ne. Ya ce ko rabin kuɗi ta bayar, ta ce ko kyauta ba ta so, sauran matan ma ba za su karɓa ba in suka ji. Suka yi ta cacar baki da Hausa da Larabci a kan gawar. A nan haƙurina ya ƙare. Na faɗa musu maganganun da ba a faɗa wa manya, na haɗa da dillali da turarensa, na ce Allah ya isa tsakaninsu da wannan baiwar Allah. Goggo ta ce ba ni da kunya. Na yarda, a ranar ba ni da ita.

Ɗan ya biyo jirgin har inda cikinsa ya fara gogar yashi. Yana zagaya uwar, yana tura ta da hanci, yana komawa ƙarƙashin hammatar. Na tambayi suruki ko akwai inda ake kai irinsa. Ya ce in an kira hukuma tambayar farko ita ce ina uwar, ta biyu kuma su wa ke wurin. Mun dawo inda muka fara. Daga ƙarshe masuncin ya sake ɗaure gawar a jirgi ya ja ta zuwa bayan duwatsu don kada masu gadi su gani gobe. Ƙaramin hancin ya bi su, yana fitowa yana nutsewa cikin ruwan da ke tafasa, har na daina bambance shi da kumfa. Jariri mai shan nono ba ya rayuwa da ciyawa, wannan ko a Yawuri an sani.

Muka kama hanyar dawowa. Kula tana ta ƙwanƙwasa a but, babu komai a cikinta. Mun yi magariba a gidan man da muka karya, mai shayin ya gane mu ya tambaya ko teku ta yi daɗi, suruki ya ce alhamdulillahi. A shingen shiga Makka Goggo ta sake sauke nikabi ta ja carbi, aka sake ɗaga mana hannu. Na ji sanyi a raina da ta tsallake, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji haushin wannan sanyin.

Washegari da hantsi wani ƙauri ya tashe ni daga barcin gajiya. Na fito tsakar gida na tarar da Goggo a kan kujera 'yar tsugune, tukunyar jiya a kan risho, tana narka wani farin kitse. Kwalaben nan suna jere a tire. Na tambaye ta mene ne wannan. Ba ta ɗago ba ta ce kitsen tozon raƙumi ne, daga mahauta ake kawo mata, sai ta ɗiga miski kaɗan. Na ce to wanda take sayarwa duk shekarun nan fa?

"Shi ne dai," ta ce. "Ina ni ina ganin ayu cikin duwatsun Makka?"

Ban gama haɗiye wannan ba aka yi sallama. Wata Hajiya ce 'yar gayu daga gida, da zobba a kowane yatsa. Ta durƙusa ta gaida Goggo, ta ce wanda ta saya bara ya yi aiki fiye da zato, Alhaji ko tafiya ya yi sai ya kira ta sau ba adadi, yanzu na ƙannenta take so. Goggo ta cika mata kwalabe da man da bai gama hucewa ba, ta karɓa da hannu biyu tana godiya.

Tafiyar nan ta nuna min titi mai kyau da teku mai kyau, ta kuma nuna min cewa abin da ke ƙarar da dabbobin ruwa ba sai an je nesa ake nemansa ba. Akwai koma, akwai farfela, akwai leda, akwai kuma saƙon da mace ke turowa daga ɗakinta a Kano ko Birnin Kabi tana cewa a tabbatar na asali ne. Wannan kalmar ce ta ɗaure igiyar. Tozon raƙumi ya riƙe mazajenku shekara da shekaru ba ku sani ba, in ma shi ne ya riƙe su.

Jibi zan taso gida. Na sayo dabino da zamzam da carbi, duk mai so ya zo. Man ayu kuwa kada wadda ta sake tambayata, na asali ko na jabu. Na ga na asalin da idona, yana ɗiga fari daga ƙirjin uwar, ɗanta yana nema.